Wardin da ya ƙi fure a Sikotlan, ya rufe tsakar gida a Arizona

A garin Tombstone, can kudu maso gabashin jihar Arizona ta Amurka, akwai gindin wardi guda ɗaya tak da inuwarsa ta rufe fili sama da murabba'in mita 700. Ga wanda ya saba da awon filaye a wajenmu, ya zarce fuloti ɗaya da rabi na ƙafa 50 da 100. Idan aka zagaya gindin da igiya, kaurinsa ya kusa mita 4. A 1885 aka dasa shi, kuma har yau duk shekara sai ya yi fure. Kundin Guinness ya sa shi a matsayin wardi mafi girma a duniya.

Irinsa shi ne wanda masu lambu ke kira Lady Banks, masana tsirrai kuma su ce Rosa banksiae. Tsohon iri ne na wardi mai yaɗo, wanda ba ya tsayuwa da kansa sai ya sami abin hawa. Abin da ya sa na ga ya dace a zauna a yi nazarin wannan gindi shi ne inda ya fito. Daga Sikotlan aka aiko da shi cikin akwati, ƙasar da wannan iri yake shan baƙar wuya a cikinta, har akwai gindin da ya shekara sama da ɗari a can da ƙyar in an taɓa ganin furensa. A wani wuri ana lallaɓa shi a jikin bango ana fargabar sanyi, a wani wurin kuma sai da aka rushe ɗaki domin a ba shi wuri. Duk mai son shuka tsofaffin wardi masu hawa, ko ma wata shukar da aka kawo daga nesa, yana da abin dubawa a tsakanin waɗannan wurare biyu.

Asalinsa tsakiya da yammacin ƙasar Sin ne, yankunan Sichuan, Yunnan, Hubei da maƙwabtansu, inda yake fitowa da kansa a bakin rafuka da gefen kwazazzabai, daga tsayin mita 500 zuwa sama da 2,000 bisa teku. Sinawa sun daɗe da ɗauko shi daga daji suna shukawa a gida, suka kuma ware masu cikakken fure, wato waɗanda ganyen furensu ke hawa-hawa. A 1807 wani mai lambu ɗan Sikotlan, William Kerr, wanda masanin tsirrai Sir Joseph Banks ya tura birnin Kanton na kudancin Sin neman tsirrai domin lambun Kew na Landan, ya aiko da fari mai cikakken fure. Aka raɗa masa sunan matar Banks. A 1824 John Parks ya kawo mai ruwan ɗorawa. Farin ya fi ƙamshi, na ɗorawar kuma ya fi jure sanyi, shi ya sa shi aka fi gani a lambunan Ingila. Na Tombstone fari ne, irin wanda Kerr ya aiko.

Wanda ya san wardi a hoto ko a shagon fulawa ba lalle ya gane wannan ba. Furen ƙarami ne, faɗinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, sai dai a dunƙule yake fitowa, tuli-tuli. Ƙaya kusan babu. Ganyen siriri ne mai sheƙi, kuma inda sanyi bai tsananta ba ba ya kaɗewa. Rassan dogaye ne masu lanƙwasuwa, a ƙasa mai zafi sabon reshe yakan miƙe mita da dama cikin shekara guda. Sai halaye biyu da duk labarin ya rataya a kansu. Sau ɗaya yake fure a shekara, da wuri, da zarar sanyi ya fara ja da baya. Kuma ba a kan sabon reshe yake yin furen ba, sai a kan ƙananan rassan da suka fito daga reshen da ya shekara biyu ko uku. Duk abin da ya hana reshe tsufa, sanyi ne ko almakashin mai lambu, ya hana fure ke nan.

Gindin Megginch

Labarin da ya fi fito da wannan fili ya faru a wani tsohon gidan sarauta da ake kira Megginch, a yankin Perth na Sikotlan. Kamar yadda wani mai lambu, E. H. Woodall, ya rubuta, wani ɗan gidan, Robert Drummond, ya dawo daga tafiyar jirgin ruwa a tekun Sin a 1796 da wani wardi, aka dasa shi a jikin bangon gidan. Bai mutu ba, bai kuma yi abin kirki ba. Zai yi toho ya miƙa rassa, sai sanyi mai tsanani ya zo ya ƙone su har ƙasa, ya sake farawa daga gindi. Haka aka yi ta yi ƙarni guda da ɗoriya, har aka manta ko wane iri ne, tunda wardi da furensa ake gane shi. A 1905 Woodall ya sami yankakkun rassansa ya kai lambunsa a birnin Nice, bakin tekun Bahar Rum a kudancin Faransa. A 1909 suka yi fure: fari, mai ganyen fure biyar, wato ainihin na daji, kakan wanda Kerr ya aiko. Ashe ya riga na Kerr shiga Birtaniya da shekara 11 ba wanda ya sani. Shekara huɗu a Nice ta yi abin da shekara ɗari da tara a Megginch ta kasa.

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan sanyin hunturu. A ganina rabin gaskiyar ke nan. Reshen wardi yana fitowa ɗanye shataf, kore, cike da ruwa. Sai ya sha rana da zafi na watanni kafin ya ƙosa, ɓawonsa ya yi tauri, ya tara abinci a cikinsa. Reshen da ya ƙosa yana iya kwana a daren da ruwa ke daskarewa, ko a jikinsa. Wanda bai ƙosa ba kuwa, ruwan da ke cikinsa ne zai daskare ya farfasa shi, bayan kwana biyu a tarar ya yi baƙi. A yankin Perth zafin rana a watan Yuli da ƙyar yake kai digiri 20 a yawancin ranaku, ga hadari ba ya ƙarewa. Don haka reshe yakan shiga hunturu bai gama ƙosawa ba. Ɓarnar tun Yuli da Agusta take farawa, a Janairu ne kawai ake ganinta da ido.

Masu lambun Ingila sun gano dabara tun ƙarni na 19, wato bango mai fuskantar kudu. Tubali ko dutse yana yini yana shan rana, da dare ya riƙa sakin ɗumi a hankali, ya kuma tare iskar arewa. A irin wannan bango a kudancin Ingila, Lady Banks mai ruwan ɗorawa yana yin fure sosai daga Afrilu zuwa Mayu, kuma wanda ya gan shi a shekara mai kyau ba ya mantawa. Amma sharuɗɗan suna da yawa. Sai an yi haƙurin shekaru kafin sabon dashe ya fara fure. Sai shekarar da ta gabata ta yi rana. Sai kuma an yi sa'a wani dare mai daskarewa bai faɗo ba bayan ƙullin furen ya fito, domin saurin fitowarsa shi ke jefa shi cikin hatsari. Wannan ya sa littattafan lambu na can suke lissafa shi cikin masu rauni. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani a ƙasarsu suka faɗa. Illar ita ce littattafan sun yi tafiya har ƙasashen da maganar ba ta shafa ba, aka riƙa karanta su kamar hukunci ne a kan shukar kanta, alhali hukunci ne a kan yanayin Ingila.

Yadda ya isa Tombstone

Tombstone garin haƙar azurfa ne. Ed Schieffelin ya gano azurfa a duwatsun wurin a 1877, aka kafa garin a 1879, cikin 'yan shekaru ya cika da dubban mutane. Abin da duniya ta fi saninsa da shi shi ne musayar wutar da aka yi kusa da wani wurin ajiye dawaki mai suna O.K. Corral ranar 26 ga Oktoba, 1881. Shekara uku bayan haka, a 1884, wani ma'aikacin ma'adinai mai suna Henry Gee ya iso da amaryarsa Mary daga Sikotlan. Kafin a gama musu gida suka sauka a wani masauki da wata mata, Amelia Adamson, ke kula da shi. Tarihin da gidan ya adana ya ce kewar gida ta dami Mary, sai 'yan uwanta suka aiko mata da akwatin tsirrai a 1885, ciki har da yankakkun rassan Lady Banks da suka riga suka yi saiwa. Ta ba Amelia ɗaya, su biyun suka dasa shi a tsakar gidan masaukin ta baya, kusa da ɗakin ajiye itace.

Akwai abu biyu a nan da ba a cika tsayawa a kansu ba. Akwatin ya ƙetare teku, ya ratsa faɗin Amurka, kuma jirgin ƙasa bai shiga Tombstone kanta ba sai 1903, ke nan ƙarshen tafiyar a keken doki ne cikin ƙura. Dashen da ya iso da rai bayan wannan ba mai rauni ba ne. Na biyun ya fi muhimmanci: yankakken reshe ne da ya yi saiwarsa da kansa, ba a aura shi a kan gindin wani iri ba. Yawancin wardin da ake sayarwa a kasuwa aure ake yi musu, kuma mahaɗar auren ita ce wurin da shuka ta fi lalacewa idan ta tsufa ko sanyi ya buge ta. Wanda ke kan saiwarsa ba shi da wannan mahaɗa. Ko an sare shi har ƙasa, abin da zai toho shi ne dai shi. Gindin Megginch ma wataƙila abin da ya cece shi ke nan tsawon shekarun da sanyi ke cin samansa.

Garin ya fara durƙushewa kusan lokacin da aka dasa wardin. Ramukan azurfa sun riga sun kai ga ruwa a zurfin ƙafa 500 da ɗoriya, sai da manyan injinan zuƙe ruwa ake iya aiki. A 1886 gobara ta cinye injinan mahaƙar Grand Central, ga farashin azurfa yana ta faɗuwa, mutane suka watse. Ƙidayar 1900 ta sami mutum 646 kacal. Amma wadatar shekarun farko ta bar wa garin gado guda mai tsada: bututun ƙarfe mai tsawon kusan kilomita 40, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1880, yana gangaro da ruwa daga maɓuɓɓugan duwatsun Huachuca ba tare da inji ba. Ke nan wardin a garin da ke da ruwan famfo aka dasa shi, ba a tsakiyar daji ba.

Wajen 1920 James Macia da matarsa Ethel suka mallaki masaukin. A lokacin wardin ya haye ɗakin itacen ya danne shi. A nan aka yanke shawarar da, a nawa ra'ayi, ba wadda ta kai ta muhimmanci a tarihin wannan gindi in ban da dasa shi. Da wani ne da sai ya sare shi ya ceci ɗakin, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Macia sai ya rushe ɗakin, ya kafa ginshiƙai, ya gicciya bututun ƙarfe a kansu, ya yi rumfa ya shimfiɗa rassan a kai. Duk lokacin da rassan suka kai bakin rumfar sai a ƙara mata faɗi. Ko ya sani ko bai sani ba, ya yi wa wardin abin da wardi mai hawa ya fi so. Reshen da ya miƙe sama sak, ƙarfinsa duk a can ƙarshensa yake taruwa, fure ya fito a sama, ƙasa ta zama tsirara. Idan aka kwantar da shi kuwa, kowane ido da ke jikinsa sai ya fitar da ƙaramin reshe, kuma waɗannan ƙananan su ne masu fure. Shi ya sa ƙwararrun masu lambu suke ɗaure rassan wardi a kwance a jikin waya ko shinge. A Tombstone, gindin gaba ɗaya a kwance yake a sararin sama.

A shekarun 1930 Robert Ripley, mai shafin abubuwan al'ajabi a jaridun Amurka, ya tallata shi a matsayin mafi girma a duniya, aka sauya wa masaukin suna zuwa Rose Tree Inn. Tun 1964 wurin ya zama gidan tarihi, kuma zuriyar Macia ce ke riƙe da shi.

Mai ziyara yana ratsa ɗakunan gidan, ya fita ta baya, sai ya tsinci kansa cikin inuwa mai sanyi. Gindin bai yi kama da na wardi ba ko kaɗan. Rassa ne masu kauri da suka murɗe juna har suka haɗe, ɓawonsu ja-ja mai duhu yana saɓulewa zare-zare. Idan ka ɗaga kai, abin da za ka fi gani shi ne saƙar tsofaffin rassa da bututu, haske yana ɗigowa ta 'yan kafofi. Furen yana can sama inda rana take. Don haka aka yi wani dandamali mai matakala a gefen filin, a hau a hango shi ta bisa. Daga watan Maris zuwa Afrilu, kimanin mako shida, saman rumfar yakan koma fari fat, ƙamshi ya cika tsakar gidan. A Afrilu garin yake yin bikin wardinsa na shekara-shekara. Sauran watanni goma da ɗoriya kuwa ganye ne da inuwa. Masu son wardin zamani, wanda ke fure daga wata zuwa wata, suna ganin wannan aibi ne. Ni ban gan shi aibi ba. A wuri mai zafi, inuwar da ba ta kaɗewa, ba ta da ƙaya, sannan ta ba ka mako shida na fure kyauta, ta biya kuɗin ruwanta.

Abin da ya tarar a can

Tombstone tana kan tudu, kusan mita 1,400 bisa teku, tsayin da ya faɗa cikin wanda irin ya saba da shi a ƙasarsa. A taswira kuma tana tsakanin digiri 31 da 32 arewa da tsakiyar duniya, kusan layi ɗaya da Sichuan da Hubei, alhali Megginch tana digiri 56. Tsawon yini da ƙarfin rana sun fi kama da na gida nesa ba kusa ba. A Yuni da Yuli zafi yana kai wajen digiri 35, kuma sa'o'in hasken rana a kudancin Arizona sun ninka na Sikotlan fiye da sau biyu. Duk reshen da ya fito, kafin Nuwamba ya ƙosa sarai.

Sannan akwai hunturu na gaske, amma gajere. A Disamba da Janairu ana samun darare da ruwa ke daskarewa, wani lokaci har dusar ƙanƙara ta sauka, sai dai da rana ta ɗaga sanyin ya saki. Wannan sanyi amfani yake yi masa. Shi ke sa shukar ta dakata ta huta, ta yadda idan ɗumi ya dawo sai idanun furen su buɗe gaba ɗaya a lokaci guda. Kuma ko da sanyin ya wuce kima, ƙosasshen reshe yana ɗauka. A farkon Fabrairun 2011 an yi wani sanyi a kudancin Arizona da ya farfasa bututun ruwa a gidaje, ya kashe tsirrai da dama har da na hamada. Wardin ya wuce shi.

Bushewar iska ita ce ta uku. Cutar da ta fi damun masu wardi a ƙasashe masu laima ita ce baƙin ɗigo a ganye, wadda ƙwayarta ba ta kama ganye sai ya shafe sa'o'i a jiƙe. Lady Banks dama yana da juriya a kanta, a busasshiyar iska kuma ba ta samun ƙofa. Ruwan sama a Tombstone wajen milimita 350 ne a shekara, kaso mafi girma daga Yuli zuwa Satumba yake zuba, daidai lokacin da shukar ke fitar da sababbin rassa. Watannin fure kuwa busassu ne, ba ruwan da zai doki furen ya ruɓar da shi.

To amma a nan nake rabuwa da masu cewa wannan wardi ƙyaliya yake so, a dasa shi kawai a manta da shi. Milimita 350 ba za ta ɗauki rumfar ganye mai faɗin murabba'in mita 700 ba, musamman a Mayu da Yuni da ake zafi ba ɗigon ruwa. Ban-ruwa ake yi masa. Ana cire matattun rassa duk shekara, in ba haka ba nauyinsu ya karya rumfar, ya kuma toshe iska. Ana gyara ginshiƙai. Shekara 140 ke nan hannu yana karɓa daga hannu, daga Amelia Adamson zuwa Ethel Macia zuwa jikokinta, cikin garin da ya kusa zama kufai. Yanayi ya ba shi abin da bangon Megginch ya kasa ba shi, amma ba yanayi ne ya kafa ginshiƙi ko ya buɗe famfo ba. Idan aka cire mutanen daga labarin, an rage masa gaskiya.

Sauran wurare

A jihohin kudancin Amurka masu zafi da laima, irin su Georgia, Carolina da Texas, da kuma California, kukan masu lambu akasin na Ingila ne. Ba sa cewa ya ƙi fure, cewa suke yi ya fi ƙarfinsu. Mutum ya sayo shi cikin ɗan gwangwani ya dasa a jikin siririn shingen katako, bayan 'yan shekaru ya kwantar da shingen, ya haye bishiyar maƙwabci, ya leƙa rufin gareji. Sai ya fusata ya sare shi a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da aka saba datse wardin zamani, a haka ya zubar da furen shekarar duka. Ƙa'idarsa ɗaya ce a ko'ina: da zarar furen ya gama zuba ake datse shi, a ba sababbin rassa sauran shekarar su girma su ƙosa. A jihohin arewa kuwa, inda ƙasa kanta ke daskarewa wata da watanni, ba bango ba dabara, mutuwa yake yi, kuma masu sayar da dashe na gaskiya suna faɗa wa mai saye tun kafin ya biya.

Akwai wani ɗansa da ya yi suna ta wata hanya dabam. Fortuniana, wanda aka raɗa wa sunan mai neman tsirrai Robert Fortune, barbara ne tsakanin Lady Banks da wani wardin Sin. A Florida da yammacin Ostareliya, inda ƙasa yashi ce ga zafi, shi ake yin gindin aure da shi, domin saiwarsa tana jure ƙananan tsutsotsin ƙasa masu cin saiwa. Dubban wardin zamani a can a kan saiwar zuriyar Lady Banks suke tsaye.

Ba shi kaɗai ba ne cikin tsofaffin masu hawa da halinsa ke sauyawa da wuri. Souvenir de la Malmaison, wanda aka fitar a birnin Lyon na Faransa a 1843, aka kuma sami mai hawansa a 1893, furensa cike yake da siraran ganye. Idan ruwa ya jiƙa ƙullin, ganyen waje sai su manne su bushe, furen ya ruɓe a ciki bai buɗe ba. A Ingila takaici ne a shekara mai ruwa, a ƙasa mai zafi da bushewa kuwa yana cikin mafi kyawu. Maréchal Niel, mai ruwan ɗorawa na 1864, a ɗakunan gilashi attajiran Ingila suke renonsa, a jihohin kudancin Amurka kuma a barandar gida yake yaɗo. Duk waɗannan jinin wardin Sin ne a jikinsu, zafi suke nema. Tsofaffin wardin Turai na asali, irin Gallica da Alba, nasu akasin haka ne: dogon sanyi suke so, inda babu shi sai su yi ta ganye suna ramewa.

Mai karatu a Katsina ko Damagaram da ya ji an ce hamada, yana iya cewa to ai mu ma muna da rana da bushewa. Rana muna da ita har ta yi yawa. Abin da ya bambanta shi ne tudun da kuma hunturun. Sanyin hunturunmu yana sa mutum rawar ɗari, amma ba ya daskarar da ruwa, kuma zafin Afrilu da Mayu a wajenmu yana haura digiri 40, abin da ba kasafai Tombstone ke gani ba saboda tsayinta. Wardin da ke fure sau ɗaya bayan hutun sanyi, a wurin da hutun bai samu sosai ba, ya fi karkata ga yin ganye. Wanda ke son gwadawa, tuddai irin na Jos da Mambila sun fi kusa da abin da yake nema, ko da yake can kuma laimar damina ce za a yi fama da ita. Kalmar hamada ita kaɗai ba ta isa a yi shuka da ita ba, sai an tambayi tsayin wurin, da mafi sanyin darensa, da watan da ruwa ke zuba.

Gidan tarihin yana sayar da ƙananan dashe da aka yanka daga uwar, masu ziyara suna tafiya da su jihohi dabam-dabam, wasu inda zai mamaye gida, wasu inda hunturun farko zai gama da shi. Uwar kuwa, abin da ya fi zame mata barazana ba sanyi ba ne kuma ba cuta ba ce, ruwa ne. A watan Yunin 2011 gobarar daji ta cinye wani sashe na duwatsun Huachuca, da ruwan Yuli ya sauka a kan ƙonanniyar ƙasa sai ambaliya ta gangaro da laka da duwatsu ta kakkarya tsohon bututun. Garin ya koma dogaro da 'yan rijiyoyinsa, aka kuma shiga shari'a tsakaninsa da hukumar gandun daji ta tarayya a kan shigar da manyan motocin gyara cikin dajin da doka ta keɓe. Kudu maso yammacin Amurka yana fama da dogon fari tun farkon wannan ƙarni, kuma gindin da ya kai wannan girma ba ya rage shan ruwa don an shiga fari.